Yadda za ka koya wa kwikwiyo wurin kashi da fitsari alhali kana wuni a wurin aiki

A mako na biyu ne rigimar kan taso. Maigida ya ɗauko ɗan kwikwiyo don ya girma ya yi gadi, ga shi yana fita aiki ƙarfe bakwai na safe, ba ya dawowa sai gab da Magariba. Kafin ya ajiye jaka an tare shi da ƙara: ya yi kashi a bakin kicin, ya yi fitsari inda ake shimfiɗa darduma, yara sun taka sun shiga ɗaki da shi. Daga nan sai a ɗauko bulala, ko a ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a bayan gida, ko a mayar da shi inda aka samo shi.

Ƙorafin mutanen gida gaskiya ne. Tsakar gidanmu wurin zama ne, wurin shanya ne, wurin sallah ne, kuma kashi da fitsarin kare najasa ne. Amma shi ma kwikwiyon bai yi don taurin kai ba. Mafitsararsa ƙarama ce, kuma babu wanda ya nuna masa inda ake so ya je. Abin da ke koya masa shi ne lokaci tsayayye da wuri tsayayye, kuma ma'aikaci na iya samar da duka biyun idan ya shirya tun kafin karen ya iso.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Masu horar da karnuka suna da wani ƙiyasi mai sauƙi: kwikwiyo kan iya riƙe fitsari kamar awa ɗaya a kan kowane wata na rayuwarsa. Mai wata 2, awa 2. Mai wata 3, awa 3. Mai wata 4, awa 4, wani ya ɗan ɗara. Da dare yana barci yakan riƙe fiye da haka, da rana yana wasa kuwa bai ma kai haka ba.

To ka ɗora wannan a kan wuninka. Mai zama a Mararaba ko Kubwa da ke aiki a cikin Abuja yakan yi awa 11 ko 12 a waje idan an haɗa da cunkoson hanya. Ko a Kano ko Jos da wuya ma'aikaci ya yi ƙasa da awa 9. Kwikwiyo mai wata 2 zai yi fitsari aƙalla sau huɗu ko biyar kafin ka dawo, ko ka so ko ka ƙi. Saboda haka abu biyu za ka tanada: wurin da zai iya yi da kansa ba tare da ya ɓata gida ba, da mutumin da zai leƙa shi da rana.

Banda awannin nan, akwai lokuta uku da kusan kullum sai ya yi: da zarar ya farka daga barci, bayan cin abinci da minti 5 zuwa 30, da kuma bayan ya yi wasa ya gaji. Wanda ya riƙe waɗannan ukun ya rage wa kansa rabin wahala.

Kafin ka ɗauko shi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika mako 8 ba, ko da mai shi yana matsa maka. Na ƙasa da haka yana bukatar uwarsa da 'yan'uwansa, kuma bai da ikon riƙe komai. Idan ka je ɗauka, ka duba inda yake kwana. Wanda aka ajiye a ɗan ƙaramin kejin waya yana kwance cikin kashinsa ya riga ya fara rasa ƙyamar ƙazanta da Allah ya halicce shi da ita, kuma zai fi cin lokaci.

Ka zaɓi ranar ɗauko shi da tunani. Mafi kyau ka ɗauki hutun mako guda daga hutunka na shekara. In bai samu ba, ka kawo shi ranar Juma'a da yamma don ka sami Asabar da Lahadi cur tare da shi. Masu aikin kwana huɗu a mako, irin tsarin da aka ɓullo wa ma'aikatan gwamnatin Kaduna da shi a Disambar 2021, su ɗauko ranar Alhamis. Hutun Sallah kuwa ban ba da shawararsa ba: gida cike da baƙi, kowa na jefa masa nama, yara na ɗaukarsa suna ajiyewa, babu tsarin da zai tsaya.

Sannan ka yi magana da iyalinka tun da wuri. In uwargida ba ta son taɓa kare, kada ka tilasta mata, kuma kada ka ɗora mata kwasar kashi ba da yardarta ba. Kai ka kawo shi, kai ke da alhakinsa.

Mataki na farko: killace masa wuri

Babban kuskuren da ake yi shi ne a saki kwikwiyo ya yi ta yawo a duk faɗin gida tun ranar farko. Duk inda ya tsuguna sau ɗaya ya zama masa makewayi, domin hancinsa zai mayar da shi can. Ka keɓe masa fili kamar mita 2 a mita 3 a wani lungu mai inuwa, ka kewaye da waya ko katako, yadda ba zai iya haurawa ko kutsawa ta ƙasa ba.

Cikin filin nan ka raba uku. A gefe ɗaya makwanci: ɗan keji ko akwatin katako da tsohon buhu ko tsumma, girmansa daidai yadda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. Kusa da shi kwanon ruwa mai nauyi da ba zai kifar ba, da kaskon abinci. A can ƙarshen filin, nesa da makwanci iyakar yadda za a iya, wurin ba-haya. Hikimar ita ce kare ba ya son ɓata inda yake kwana da inda yake ci. In ka ba shi zaɓi, da kansa zai taka zuwa nesa.

Ƙofar kejin a buɗe take duk lokacin da ba ka nan. Wannan ina so a riƙe shi da kyau. Wanda ya kulle kwikwiyo mai wata 2 a keji daga safe zuwa yamma ya tilasta masa yin kashi a makwancinsa, kuma in ya saba da kwana cikin ƙazanta, gyaransa ya fi na kowane kare wuya. Gajeriyar sarƙa ma haka take, ga haɗarin ta naɗe masa wuya ba kowa a kusa.

Me za a zuba a wurin ba-hayar? Kwikwiyo kan saba da abin da tafin ƙafarsa ke takawa lokacin da yake tsugunawa, kuma wannan sabon yana kama shi tun yana wajen mako 8 zuwa 9. Wanda ya saba da siminti zai nemi siminti, wanda ya saba da kwali ko tsumma zai nemi tabarma da darduma. Don haka ka zuba abin da babu irinsa a inda mutane ke zama: ƙananan tsakuwa, ko dusar katako daga wurin kafintoci, ko yashi.

Yashi ya fi sauƙin samu, amma yana da matsala ɗaya da ya kamata ka sani. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke zuba ƙwai a busasshen yashi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya taɓa. Ƙwan na ƙyanƙyashewa, tsutsar ta huda fatar kwikwiyo, sai ka ga ƙuraje kamar maruru a cikinsa da ƙafafunsa, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Tana kama mutane ma. In yashi za ka yi amfani da shi, ka sa shi inda rana ke duka na wasu awanni, ka kwashe wanda ya jiƙe kullum, ka canza shi gaba ɗaya duk mako. Ni tsakuwa na fi so, a kan ɗan gangare zuwa rariya, domin bokiti biyu na ruwa sun wanke ta.

Zafi kuma ba abin wasa ba ne. Daga Maris zuwa Mayu a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai zafi kan haura digiri 40, kuma keji mai rufin kwano a rana yana iya kashe kwikwiyo kafin Azahar. Ka tsaya ranar hutu ka ga yadda inuwa ke juyawa a lungun daga safe zuwa La'asar. Ruwa kuwa kada ya yanke masa da rana da sunan rage fitsari.

Mataki na biyu: nemo mai leƙa shi da rana

A watanni biyu na farko kana bukatar mutum. Maigadi ne, ƙaninka ne, yaron maƙwabta ne, ko almajirin da ke muku aike, duk ɗaya ne in dai mai riƙe lokaci ne kuma ba mai dukan dabba ba. Ka yanka masa ɗan abin da za ka riƙa ba shi a mako, domin aikin da ake biya ya fi tsayawa. In yana ƙyamar taɓa kare, ka nuna masa yadda ake sa igiya a zoben wuya a ja shi a hankali, ka tanadar masa shebur, leda, sabulu da buta.

Aikinsa bai wuce minti 15 ba: ya tashe shi, ya kai shi kan tsakuwa, ya jira ya yi, ya yaba masa, ya ba shi abinci in lokacinsa ne, ya sake kai shi, ya kwashe kashi, ya cika ruwa. Ka yi wannan a gabansa sau biyu ko uku ranar hutu, kada ka tsaya ga bayani da baki. Ka roƙe shi ya riƙa turo maka ɗan saƙon murya ta WhatsApp, ko ya rubuta a takarda: ƙarfe nawa, ya yi ko bai yi ba, kashin da tauri ko ruwa. Bayan kwana biyar za ka ga lokutan karenka sun fito fili kamar an zana.

In ka duba ko'ina babu wanda zai leƙa shi, gaskiya gara ka nemi kare mai wata 6 zuwa sama. Kwikwiyo mai mako 8 yana cin abinci sau huɗu a rana, kuma barinsa shi kaɗai awa 11 kullum zalunci ne ko da filin ya yi kyau.

Mataki na uku: ɗaura jadawalin a kan lokutan sallah

Mu muna da agogon da ba ya kuskure, kuma kowa a gida ya san shi. Ga yadda wuni zai kasance ga kwikwiyo mai mako 8 zuwa 12.

Da ka tashi Asuba, ka fara kai shi kan tsakuwa, domin ya kwana da fitsari. Bayan ka dawo daga masallaci, wajen ƙarfe 6, ka ba shi abinci, ka ɗauke kaskon bayan minti 15 ko ya cinye ko bai cinye ba. Ka mayar da shi wurin ba-haya ka jira kashi. Ku yi wasa na minti goma don ya gaji, ka sake kai shi kafin ka tada mota ko babur. Sau uku ke nan kafin ka bar gida.

Mai taimakonka ya zo da hantsi wajen ƙarfe 10, ya dawo da Azahar ya ba shi abinci na biyu, in da hali ya sake leƙowa da La'asar. Kai kuma da ka shigo gida, kafin ka cire takalmi, ka wuce wurinsa. Abinci na uku kafin Magariba, na huɗu ɗan kaɗan bayan Isha'i, kowanne da rakiyarsa. Fita ta ƙarshe wajen ƙarfe 10 da rabi ko 11. A makonni biyu ko uku na farko ka sa ƙararrawar waya ƙarfe 2 ko 3 na dare ka fito da shi, ba wasa, ba surutu, ya yi ya koma.

Daga wata 3 ka rage abinci zuwa sau uku, daga wata 6 zuwa sau biyu. Zuwan mai taimako ma yana raguwa: a wata 4 Azahar kaɗai ta isa ga yawancin karnuka.

Asabar da Lahadi kada ka rushe jadawalin don kana gida. A ranakun nan ne ma za ka fi samun damar kama shi a kan daidai sau goma a wuni.

Mataki na huɗu: abin da za ka yi a wurin ba-hayar

Nan ne ainihin karatun yake, kuma nan ne mutane suke gaggawa. Ka kai shi da igiya, ta hanya ɗaya kullum. Ka tsaya shiru, kada ka kula shi. Zai sunsuna ƙasa, ya yi kewaye, ya tsuguna. Yana farawa ka faɗi kalma ɗaya a hankali, misali "yi maza", kuma kowa a gida ita zai riƙa faɗa. Yana gamawa, a nan take, a kan tsakuwar, ka ce "yauwa!" da fara'a ka miƙa masa ɗan abin daɗi. In ka bari sai kun koma bakin keji, shi a wurinsa ladan komawa keji ne ka ba shi.

Ladan ya zama ƙarami kamar ƙwayar wake: dafaffiyar hanta, tsokar kaza, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Kada ka ba shi tsire, kilishi ko balangu, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, yaji kuma ya sa shi zawo. Goro, cakulan da zabibi su ma guba ne gare shi, ka gaya wa yara.

In minti 5 ta wuce bai yi ba, ka mayar da shi keji ka rufe, bayan minti 10 ko 15 ka sake gwadawa. Kada ka sake shi tsakar gida da cikakkiyar mafitsara. Sakin nasa ya biyo bayan ya yi, na minti 20 zuwa 30, idonka a kansa. In ka ga ya bar wasa ya fara sunsuna ƙasa yana kewaye, ɗauke shi maza.

Wata dabara: a kwanakin farko ka bar ɗan ragowar warin fitsarinsa a kan tsakuwar, kada ka wanke ta tas. Kashi kam a kwashe kullum, a ƙulle a leda ko a zuba a masai. Yawancin 'yan kwikwiyo ana haifarsu da tsutsar ciki, ƙwanta na fita a kashi, kuma bayan mako 2 zuwa 4 a ƙasa yana iya kama yaron da ke rarrafe yana kai hannu baki.

Idan ya yi a inda bai kamata ba

Zai yi, kuma ba sau ɗaya ba. In ka kama shi yana cikin yi, ka tafa hannu sau ɗaya ka ce "a'a", ka ɗauke shi zuwa wurinsa, in ya ƙarasa a can ka yaba masa. In kuwa dawowa ka yi ka tarar, ka share ka yi shiru. Ba ya iya haɗa fushinka na yamma da abin da ya yi da hantsi.

Dukansa ko cusa hancinsa cikin kashin yana koya masa abu ɗaya ne kawai: tsugunawa a gaban mutum haɗari ne. Na ga karen da aka yi wa haka, sai ya koma yana ɓuya bayan tankin ruwa da ƙarƙashin mota, in an kai shi wurin ba-haya kuma ya ƙi yi sam muddin mutum na tsaye. An ɗauki watanni kafin ya sake yarda. Karen da ake so ya yi gadi bai kamata ya tashi yana tsoron masu gidan ba.

Wanke wurin yana da mataki biyu. Ruwa yana gusar da najasa, amma siminti yana shan fitsari, kuma hancin kare yana jin abin da namu ba ya ji. Ka kwashe, ka kwarara ruwa, ka goge da omo da burushi, ka ɗauraye, sannan ka zuba ruwan khal da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, ka bari ya bushe. In kana son kashe ƙwayoyin cuta da Hypo ko Jik, ka yi shi daban bayan ka ɗauraye sosai, kuma kada ka taɓa haɗa shi da ruwan khal ko ka zuba shi kan kwantaccen fitsari, domin yana tada hayaƙi mai cutar da huhu. In ya nace wa lungu ɗaya, ka ɗora durom a wurin ko ka riƙa ba shi abinci a can na 'yan kwanaki.

Akwai kuma fitsarin murna. Ka dawo daga aiki, ya taho yana kaɗa wutsiya, ya saki fitsari a ƙafarka. Wannan ba ya cikin ikonsa, tsawa ma ƙara shi take yi. Ka shigo ba hayaniya, kada ka sunkuya kansa, ka wuce da shi kan tsakuwa, sai ya gama ku gaisa. Yawanci yana bari da ya girma.

Ciki da lafiya

Kwikwiyo mai zawo ba ya koyon komai. Abin da ya fi jawo zawo a gidajenmu shi ne yau ƙanzo da miya, gobe shinkafa da mai, jibi madarar shanu. Ka tsayar masa da abinci iri ɗaya, in za ka canza ka yi a hankali cikin kwana 7, kana haɗa sabo da tsoho.

A makon farko ka kai shi wurin likitan dabbobi. Ana fara allurar rigakafin haɗaka a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai wajen mako 16. Ta ciwon haukan kare ana yi a wata 3, kuma wannan kariya ce ga iyalinka gaba ɗaya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da ita, kuma akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Maganin tsutsar ciki ana ba da shi duk mako 2 har mako 12, sannan duk wata har wata 6. Kafin alluran su cika, kada ka fita da shi layi yana sunsuna kashin wasu karnuka, domin cutar fabo mai sa amai da zawon jini tana daɗewa watanni a ƙasa, kuma tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. In ka ga amai da zawon jini, ka nemi izini a ofis ka kai shi a ranar. Haka in yana tsugunawa kowane minti kaɗan yana ɗiga fitsari, ko yana yunƙuri da kuka, ko da jini a ciki, wannan ciwon mafitsara ne mai bukatar magani.

Ƙara masa fili

Idan ya yi mako 3 ko 4 bai ɓata ko'ina ba, ka buɗe masa wani ɓangare na tsakar gida lokacin da kake nan. In ya riƙe, ka ƙara. In ya yi kuskure sau biyu a jere, ka koma matakin baya na mako guda. Yawancin karnuka suna kamawa sosai tsakanin wata 4 zuwa 6, wasu sai sun kusa shekara. A lokacin ne za ka fara rage ladan nama, ka bar yabon baki.

Tsakanin wata 6 zuwa 9 namiji yakan fara ɗaga ƙafa yana yayyafa fitsari a tayar mota, ƙofa da jikin bango don sa alama, mace kuma takan yawaita fitsari idan lokacin barbararta na farko ya zo. Mutane da yawa sukan ɗauka horon ya rushe. Ka wanke wuraren da ruwan khal, ka mayar da shi filinsa da rana, ka dawo da rakiya da igiya safe da yamma na mako biyu. Da damina ma wasu kan ƙi taka jiƙaƙƙiyar tsakuwa su nemi baranda, don haka kafin ruwan farko ya sauka ka sa a yi wa rabin wurin ba-hayar ɗan rufi.